Tsohuwar Kilarinet Da Ta Ƙi Jituwa Da Kowa

Na shekara goma sha ɗaya ina busa kilarinet kafin in jawo wa kaina wahalar neman tsohuwa. Wadda nake da ita a lokacin ta roba ce, baƙa, irin wadda ake saya wa 'yan makaranta, kuma ba ta taɓa yi mini laifin komai ba. In na hura ta amsa, in na ajiye ta kwanta. Amma ɗan Adam ba ya rasa abin da zai tayar wa kansa da hankali.

Ni ma'aikacin gwamnati ne, mai zanen taswirar filaye, ina zaune a Doka, cikin Kaduna, da iyalina. Son busa kuwa daga faya-fayen garmahon da wani kawuna ya bari na same shi. Tsohon jaz ne na baƙaƙen Amurka, wanda ƙahon tagulla ke jan waƙa, kilarinet tana kewaya shi tana yi masa ado, kamar zaren da ke bin wuyan babbar riga. Wanda ya koya mini riƙe ta wani tsohon sajan ne na 'yan badujala da ke zaune a Unguwar Shanu, kowa Baba Saje yake ce masa. Haƙoransa na gaba sun zube tun tuni, ya daina busa, amma kunnensa na nan garau, bakinsa kuma ya fi kunnen kaifi.

Duk ranar Asabar bayan azahar muna haɗuwa mu huɗu a garejin wani mai shagon magani. Shi ne mai ƙaho, shi ne mai gareji, saboda haka shi ne mai magana ta ƙarshe. Akwai wani malamin sakandare mai fiyanon lantarki, da wani direban ma'aikatarmu mai jita, sai ni. Ba mu taɓa yi wa kowa wasa ba. Masu sauraronmu kaji ne, da motar da ake turowa waje don mu sami wurin zama.

Wata rana na kai wa Baba Saje ziyara, na busa masa wata waƙa da na kwashe mako uku ina gogewa. Ya saurara ido rufe. Da na gama ya ce, “Yatsunka sun yi. Amma wannan robar taka muryar bokiti gare ta.”

Na ce, “Baba, to ya zan yi?”

“Ka nemi ta katako, tsohon tsari, irin wadda muka busa. Maɓallanta kaɗan ne, ramukanta manya. Mutanen da kake ji a faifan nan, irinta suke riƙe da ita. In ka hura ta, a ƙirjinka za ka ji ta kafin kunnenka ya ji.”

Iyakar abin da ya faɗa ke nan, ya koma kan goronsa da yake kankarewa da ƙaramar wuƙa. Ni kuwa na tashi da ciwon da ban zo da shi ba.

A Babbar Kasuwa akwai wani dillalin kayan gwanjo, mutumin Katsina, wanda aka ce in dai abu ya taɓa shigowa Kaduna zai nemo shi. Na je na yi masa bayani dalla-dalla, har na zana masa ita a takarda, tunda zane sana'ata ce. Ya dubi zanen ya ce, “Ai algaita ce, Alhaji.” Na ce ba algaita ba ce. Ya ce, “To, algaitar Turawa.” Na ƙyale shi, don na riga na gaji da wannan gardamar a garin nan.

Bayan kwana huɗu ya kira ni a waya, ina tsakiyar aiki, ya ce in zo maza kafin wani ya riga ni. Na bar ofis, na shiga cunkoson bakin kasuwa da tsakar rana, na isa gumi na zuba. Ya kwance wani tsumma a hankali kamar mai buɗe zinariya. Algaita ce. Algaita ta gaske, har da jar fatarta.

Kira na biyu sarewar roba ce ta 'yan firamare. Kira na uku, wanda ya tashe ni daga kan abinci, rabin kilarinet ne, ɓangaren ƙasa kaɗai, ba kai ba wuya. Na ce, “Malam, ina sauran?” Ya ce, “Haba Alhaji, ai da babu gara ba daɗi. Ka riƙe wannan, Allah zai kawo ɗaya rabin.” Na rantse a raina ba zan sake amsa wayarsa ba. Ya sake kira bayan wata biyu, na amsa tun kafin ta yi ƙara ta biyu.

Wannan karon ita ce. Magadan wani tsoho ne suka share ɗakinsa, suka haɗa ta da tsofaffin akwatuna da fitilar aci-balbal suka sayar a dunƙule. Akwatinta ya ruɓe a kusurwa, yana warin kafur da daɗewa. Da na ɗaga murfin na gan ta kwance gunduwa-gunduwa, katakonta baƙi mai ɗan ja a cikinsa, maɓallanta sun yi kore. 'Yan fatun da ke toshe ramuka duk ƙwari sun cinye. Na ɗauki ɓangaren sama, hannuna na rawa, dillalin kuwa ba abin da yake kallo sai hannun nawa. Daga nan ciniki ya ƙare tun ba a fara ba. Na taya, ya yi dariya, ya ce wani Bature ma ya nema. Na san babu wani Bature. Na biya.

Da na shiga gida da akwatin, maman yara ta tare ni a bakin ƙofa tana toshe hanci.

“Baban yara, me ya mutu a ciki?”

Na ce kayan tarihi ne. Ta ɗaga murfin da bakin tsintsiya, kyankyaso ɗaya ya fito ya gaishe ta. Ta ce, “Tarihin ya tsaya a baranda.” A baranda ya kwana har mako biyu.

Sai gyara. Duk faɗin Kaduna ban sami mai gyaran kilarinet ba. Aka nuna mini wani mai gyaran agogo a cikin kasuwa, dattijo mai haƙuri, mai gilashi a ido ɗaya. Ya jujjuya ta ya ce ƙarfe ai ƙarfe ne, in dawo Alhamis. Na dawo Alhamis, ya tafi ɗaurin aure. Alhamis ta gaba ya kwance maɓallan duka ya zuba su a gwangwanin madara, ya manta wanne ne na ina. Ta gaba kuma ya tarbe ni da fara'a, ya ce ya gano babbar matsalar.

“Akwai wata 'yar huda a gefe da ba ta da murfi, ta nan iska ke zurarewa. Na toshe maka ita da gam. Yanzu ko ruwa ka zuba ba zai fita ba.”

Ramin yatsa ne. Ramin da aka huda da gangan tun kafin a haifi ubansa. Na tsaya ina kallonsa, ga shi dattijo, ga shi yana jiran godiya. Na haɗiye abin da ya taso mini, na ce Allah ya saka da alheri, na kwashi gwangwanina da katakona na fito. Kwana biyu na yi ina ƙwaƙule gam ɗin da tsinken sakace, ina tsoron kada in faɗaɗa ramin.

Daga ƙarshe ni na gyara ta da hannuna, a tsakar gidan Baba Saje, yana zaune a kujerarsa yana ba da umarni kamar yana fareti. Siririyar fatar ɗan akuya na sayo wurin dukawa na yanka ƙanana-ƙanana na mayar a madadin waɗanda ƙwari suka ci. 'Yan ƙarafan da ke mayar da maɓalli in an sake shi sun karye guda biyu, ya ce in sa allurar ɗinki, haka suke yi a bariki. Mahaɗan gunduwoyin muka naɗe da zare da kakin zuma. Duk wanda na yi sai ya ce in kwance. “Wannan aikin ofis ne, ɗana. Sake.” Wata fata ɗaya sau bakwai na liƙa ta. A wuyan kilarinet ɗin akwai wasu haruffan boko guda biyu da aka buga a jikin katako, na goge su har suka fito sarai, na ɗauka alamar maƙerinta ce. Baba Saje ya gan su, bai ce komai ba.

Ranar da ta fara magana, bayan la'asar ne. Na ɗaura harshenta, wato ɗan siririn goran da ke kaɗawa a bakinta, na hura sauti mafi ƙasa. Gaskiyar tsohon nan ce. A ƙirjina na ji ta. Murya ce mai kauri, mai ɗumi, da ɗan dishi-dishi a gefenta kamar ta mutumin da ya daɗe bai yi magana ba. Matan gidan suka daina daka. Baba Saje ya juyar da fuskarsa ga bango ya ce, “To. Madalla.” Ban taɓa jin ya faɗi kalmar nan a kan wani abu da na yi ba.

Amma tsohon tsari ba sabo ba ne. Inda yatsuna suka saba zuwa shekara goma sha ɗaya, yanzu in sun je sai su tarar ba kowa. Na koma ɗan koyo da furfurata. Wata uku ina fama, kullum in na dawo daga ofis, tana ƙiiƙii kamar ƙyauren da ba mai. Maƙwabcina, wani akawu mai ritaya, ya leƙo ta katanga wata rana ya ce tunda na sayi algaita, ga bikin 'yarsa nan tafe, ko zan taimaka ranar kamu. Da zuciya ɗaya ya faɗa. Na yi masa bayanin jaz na kusan rabin awa. Ya gyaɗa kai ya ce, “Na gane. To ko waƙa biyu ce ka yi musu.”

Duk wannan lokacin ban kai ta gareji ba. So nake in shammace su. Sai da na tabbata yatsuna sun zauna, ran wata Asabar na bar ta roba a gida, na ɗauki tsohuwa a cikin sabon akwatin da kafinta ya yi mata.

Suka kewaye ta suna yabo. Mai jita ya shafa katakon ya ce kamar an shafa mata man shanu. Mai ƙaho ya ɗan taɓe baki ya ce a ji dai tukuna. Mai fiyano ya ba da shiga, jita ta bi, ƙaho ya ɗauki waƙa, ni kuma na ja numfashi na shigo a inda na saba shigowa.

Ban san yadda zan kwatanta abin da ya fito ba. Kowa na kan daidai, ni ma ina kan daidai, amma haɗuwar kamar a goga cokali a gindin tukunya. Mai ƙaho ya sauke ƙahonsa.

“Malam, wace waƙa kake busawa?”

“Wadda kake busawa.”

“A'a. Wallahi ba ita ba ce.”

Muka sake. Haka. Na ce fiyanon ne ya sauka saboda wutar ba ta da ƙarfi. Mai fiyano ya ji haushi, ya ce kayan lantarki ba sa sauka, sai dai su mutu. Ya ciro wayarsa, akwai wani abin auna sauti a ciki, ya ce kowa ya busa sauti guda. Ƙaho ya busa, allurar ta tsaya a tsakiya. Jita, tsakiya. Ni na busa, ta yi dama ta zauna can. Na ɗan zare wuyan kilarinet ɗin don ta ƙara tsawo ta sauko, sautukan sama suka sauko, na ƙasa suka ƙi. Duk jikinta haka take. Ta ɗara su tsayin murya, ba ta kuwa kai mataki na gaba ba balle in canja yatsu in same su. Tana tsakani, inda ba kowa.

Ban jira an tashi ba. Na hau acaɓa sai Unguwar Shanu. Na tarar da Baba Saje a ƙofar gida, na gaishe shi a gurguje na zayyana masa abin da ya faru. Ya fara dariya, dariyar da ta koma tari, har sai da aka kawo masa ruwa.

“Ai duk kayan badujalar da haka suke. Murya sama aka ƙera su, don su ratsa fili. Daga baya duniya ta sauko, aka kwashe namu aka kawo sababbi. Haruffan nan biyu da ka yi ta gogewa, abin da suke faɗa ke nan.”

“Baba! Ka gani, ka sani, ka bar ni wata biyar ina liƙa fata?”

“Murya ka tambaye ni. Na ce maka tana da murya. Ƙarya na yi?”

“Amma ba ta tafiya da kowa!”

“Ba ka tambaye ni ko tana zama da mutane ba.”

Na zauna a dakali. In da sa'ana ne da mun yi ta a ranar. Can sai ya ɗan sassauta, ya ce akwai dabara. In nemi igiyar takalmi, in zura ta cikin bututun tun daga wuya har ƙasa, za ta rage faɗin cikin, murya ta sauko. Na gwada a gida. Ta sauko kuwa, ta kusa daidai. Sai dai muryar da na sha duk wannan wahala dominta ta tafi. Abin da ya rage kamar mai mura yana magana ta cikin bargo. Na zare igiyar na mayar wa takalmina.

Asabar ta gaba na zo da shawara. Mai fiyano ya riga ya faɗa mini cewa akwai inda ake murɗawa a ɗaga muryar fiyanon duka. Mai jita kuwa ƙara ɗaure tsirkiya kawai zai yi. Saura ƙaho. Shi ana iya sauke shi, amma ɗaga shi ba ya wuce ɗan kaɗan. Na ce wa mai ƙaho ko zai gwada matse leɓe.

Ya ce, “Tsaya in fahimta. Mutum uku su bar inda duniya take, su hau bishiya, saboda sandar mutum ɗaya?”

“Ba sanda ba ce.”

“Ni na aike ka kasuwa? Wa ke sayen kayan busa bai auna ba? Ko akuya za ka saya ai ka duba haƙoranta.”

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne gaskiya yake faɗa. Muka yi ta musu har mai fiyano ya shiga tsakani. Aka yanke cewa zan riƙa zuwa da biyu. Ta roba ita ce ta aiki. Tsohuwa kuma tana da waƙa ɗaya tak, lokacin da mai ƙaho ya shiga gida yin alwalar la'asar. Da ya juya baya sai mai fiyano ya murɗa, mai jita ya ɗaure, mu yi sauri mu yi tamu. Mutumin nan kuwa da can alwalarsa takan ɗauki lokaci, har ya tsaya ya sha shayi. Tun daga ranar ta koma ta minti uku. Sau biyu tsirkiyar mai jita na tsinkewa saboda ɗaurin, ya fara kallona shi ma.

Haka muka yi kusan shekara. Kullum sai mai ƙaho ya sami abin faɗa. In na buɗe akwatin ya ce, “An fito da hajiya.” In baƙo ya leƙo garejin sai ya ba shi labarin tun daga farko, yana ƙara gishiri.

Wata Asabar muka zo muka tarar ya riga mu zama, da wani abu a cinyarsa naɗe da tawul. Ƙaramin ƙaho ne, gajere, mai kumburin ciki, irin na faya-fayen da, azurfarsa ta dushe. Ya ce kakan ƙahoni ke nan, wanda ake jan tsohon jaz da shi tun asali. Na tambaye shi inda ya samo. Ya yi kamar bai ji ba. Mai jita ya ce ya ga mai ƙahon ranar Laraba a rumfar Bakatsinen dillalin nan.

Mai fiyano ya ciro waya ya ɗora a kan fiyano. Mai ƙaho ya ce ba sai an auna ba, kunnensa ya isa. Aka dai matsa masa ya busa. Allurar ta yi dama, ta je ta zauna daidai inda tawa take zama. Daga ɗakin tsohon nan guda suka fito, ashe dillalin ya ɓoye shi yana jiran wani mai rawar hannu.

Na buɗe baki, maganganun shekara guda sun taru a bakina, ina zaɓen wadda zan fara da ita. Kafin in zaɓa ya riga ni.

“Da gangan na saya. Na ga abin naka ya zama abin tausayi, na ce bari in taimaka maka.”

Na ce, “Da gangan?”

“Da gangan mana. Malam, murɗa fiyanon nan. Kai kuma ɗaure jitarka, kada ka tsinka mana.”

Muka busa. Ba zan ɓoye ba, ban taɓa jin mun yi daɗi kamar ranar ba. Muryoyin biyu suka kwanta a jikin juna, ƙaho na gaba ina kewaya shi, har matarsa ta aiko a tambaya ko sabon faifai aka sa. Ina busawa ina jin daɗi, ina kuma jin haushi, don na san yadda za a ba da labarin nan gaba.

Haka kuwa aka yi. Bayan mako biyu na ji shi a shagonsa yana gaya wa wani mai sayen maganin tari cewa shi ne ya gano sirrin kayan badujalar da, ya kuma shawo kan abokansa da ƙyar suka yarda su bi shi. Ina tsaye a bayan mutumin. Ya gan ni sarai. Ya ce, “Ga ɗaya daga cikinsu nan ma, tambaye shi irin gardamar da ya yi mini.”